Fukuwarai ga tsofaffi: yadda ake haɗa shi da hannu, da maganar ɗaure ido

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da na fara aiki a wata cibiyar yini ta tsofaffi a Japan. Shugabarmu ta ce ni zan shirya wasan fukuwarai na bikin sabuwar shekara, kuma ta fi son a haɗa shi da hannu. Ban taɓa yin wasan ba. Me ya sa ba za a sayo na kanti ba, ga shi da araha? Da me zan haɗa? Kuma yaya zan yi da waɗanda ba sa gani sosai, ko masu cutar mantuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya taimaka. Shugabarki ta san aikinta, ki bi maganarta. Ni ma a shekarata ta farko na kanti na sayo, kuma kafin a yi minti goma da farawa na gane na yi asarar kuɗina.

Bari in fara da wasan kansa, tun da ba ki taɓa yi ba. Sunan kalma biyu ce aka haɗa: fuku, wato sa'a ko arziki, da warai, dariya. Ana shimfiɗa takarda mai zanen fuska, amma fuskar wayam take, ba ido, ba hanci, ba baki. Waɗannan an yanka su daban. Sai a ɗaure wa mutum ido da tenugui, wani siririn ƙyallen auduga mai tsawon kusan santimita 90, a riƙa miƙa masa ɗaya bayan ɗaya: ga gira, ga ido, ga hanci. Shi kuma yana laluɓe yana ajiyewa inda yake zaton nan ne wurinsu. 'Yan kallo suna ta ihu, migi, hidari, motto ue, wato dama, hagu, ƙara sama. Wasu gaskiya suke faɗa masa, wasu shaƙiyyan kuma ɓatar da shi suke yi da gangan. In ya gama a kwance ƙyallen, sai ya ga ya sa hanci a goshi, baki ya koma kusa da kunne. Shi ke nan wasan.

An fi danganta farkonsa da ƙarshen zamanin Edo, wanda ya ƙare a 1868, sannan ya zauna da gindinsa a matsayin wasan sabuwar shekara a zamanin Meiji, daga 1868 zuwa 1912. Yawanci ana haɗa shi da karin maganarsu da ke cewa warau kado ni wa fuku kitaru, wato arziki ƙofar gidan masu dariya yake zuwa. Ki haddace ta, don tsofaffinki duk sun san ta, kina fara ta za su ƙarasa miki. Kuma in zuciyarki tana miki wasiwasi, wasan gida ne na raha, sa'an karuta (wasan kati) da sugoroku (wasan allo) da wasan ƙodago irin nasu, ba a wurin bauta ake yin sa ba, babu wata addu'a a cikinsa.

Fuska biyu aka fi sani. Akwai Okame, wadda ake kuma kira Otafuku, mace mai manyan kumatu da faffaɗan goshi da ɗan ƙaramin baki. Akwai Hyottoko, namiji mai baki a tsuke ya karkace gefe, wanda ake cewa sunansa daga "mutumin wuta" ya samo asali, mai hura wuta da bututun gora. Ga mai haɗawa kowacce da amfaninta. Fuskar Okame fili ce babba, duk inda aka ajiye abu yana samun wurin zama. Hyottoko kuwa dama can a karkace yake, don haka wanda ya yi kuskure a kansa ba ya jin ya ɓata komai. In ɗaya kaɗai za ki iya haɗawa, ki haɗa Okame. In lokaci ya ba ki, Hyottoko ya fi shiga ran maza, kuma maza su ne masu wuyar jawowa cikin irin waɗannan wasanni.

Abin da ya sa cibiyoyi suka riƙe wasan bayan gidaje da yawa sun sake shi ba ɓoyayye ba ne. Kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen Japan sun kai shekara 65 ko sun wuce, mutum wajen miliyan 36. Tun da aka fara inshorar kula da tsofaffi a watan Afrilun 2000 cibiyoyin yini irin taku suka bazu ko'ina, kuma kowacce tana da lokacin nishaɗi da ma'aikata ke kira reku. Ki ɗauki tsohuwar da aka haifa a 1940. Shekararta 13 lokacin da aka fara watsa shirin talabijin a ƙasar a 1953, kuma an ɗauki shekaru kafin akwatin ya shiga yawancin gidaje. Sabuwar shekarar yarintarta ita ce a zauna a ɗaki ɗaya ana irin waɗannan wasanni. Ba ki da buƙatar koya mata dokoki. Hannunta ya riga ya san su, ko da ta manta abin da ta ci da safe.

To, me ya hana na kanti? An yi shi ne don yatsun yaro da idon yaro. Takardar siririya ce, ta kwanta a kan tebur ta manne. Fatar yatsan tsoho ta bushe, jin taɓawarsa ya ragu, ga ciwon gaɓɓai, ga karkarwa. Na tsaya ina kallon wata tsohuwa tana ta kartar tebur da farce tana son ɗaga gira ɗaya, ta lashi yatsa ta sake gwadawa, daga ƙarshe hannun rigarta ya share ido biyu da ta riga ta ajiye suka faɗi ƙasa. Ba wanda ya yi dariya. Ta ce a ba wani, ita ta gaji. Matsala ta biyu, duk sassan santsinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Wanda aka rufe wa ido ba shi da hanyar bambance gira da baki sai an gaya masa, ga shi da yawansu kunne ya yi nauyi. Ta uku, ƙanƙanta: mutum goma sha biyar a zagaye, na baya ba ya ganin komai, wanda bai gani ba kuwa ba zai yi dariya ba.

Saboda haka ki fara tunani daga hannun mai wasa, zane ya biyo baya.

Fuskar ki yi ta a kan takardar zane babba, wadda suke kira yotsugiri, kusan santimita 38 da 54, ki manna ta a kan kwali mai kauri don kada ta lanƙwashe. Wannan girman ya isa: na nesa zai gani, wanda ke zaune a keken guragu kuma hannunsa zai kai har goshin ba tare da ya miƙe ba. Kada ki wuce haka sosai in a tebur za a yi. Sai abu mafi muhimmanci, wanda yawancin masu haɗawa ke tsallakewa: ki yi wa fuskar iyaka da hannu zai ji. Ki bi layin gefenta da igiya mai ɗan kauri ki manna da gam, gashin kan kuma ki yi shi da zaren ulu baƙi. Da zarar mutum ya shafa ya ji inda gashi ya ƙare da inda haɓa take, ya sami taswira a kansa. Kuskuren da zai yi daga nan ɗan kaɗan ne, kuma ɗan kaɗan ɗin shi ya fi ban dariya. Ido da ya zame santimita uku ya mai da fuskar kamar ta mai harara ya fi wanda ya faɗa can wajen takarda sa mutane kyakyatawa, domin na farkon har yanzu fuska ce, tana kama da wani da suka sani.

Sassan kuma ki ba su kauri, aƙalla milimita 5. Kwali ninki biyu ya yi, ko farin allon soso da ake sayarwa a kantunan yen 100 irin su Daiso. Ki zagaye kusurwoyin da almakashi, ki bi gefen kwalin da salatif, saboda fatar tsoho ba ta da wuyar yagewa, musamman masu shan maganin tsinka jini. Kowane sashe ki ba shi irin nasa jiki. Gira da ulu. Baki da ƙyalle mai laushi ja, a cusa masa 'yar auduga. Hanci ya taso sama, soson wanke-wanke da aka sassaƙa ya wadatar. Ido ya zama mai santsi, da baƙin tsakiya da ya ɗan taso. Kumatu biyu jajaye, zagayayyu. In kin yi haka, mutum zai juya abu a hannunsa ya ce "wannan hanci ne" da kansa, kuma wannan ganewar rabin amfanin wasan ce. Ga masu shanyewar ɓarin jiki da ke aiki da hannu ɗaya, ko waɗanda yatsunsu ba sa tsinkar abu, ki manna murfin gorar ruwa a bayan kowane sashe ya zama mariƙi, ki ƙarfafa shi sosai yadda ba zai ɓalle ba.

Launi: idon da ya tsufa, balle mai yana, yana ganin duniya da ɗan rawaya-rawaya, shuɗi mai duhu da baƙi suna haɗe masa, launuka masu haske-haske kuma suna narkewa cikin fari. Ki tsaya a kan baƙi da ja a kan fari, layi mai kauri. Tebur in fari ne, ki shimfiɗa ƙyalle mai duhu a ƙarƙashi. In za ki rufe takardar da leda don a riƙa gogewa, ki nemi marar ƙyalli, domin hasken fitila a kan mai sheƙi yana kashe musu ido.

Sai yadda sassan za su tsaya inda aka ajiye su. Hanya uku na gwada. Maganaɗisu mai laushi da ake yankawa da almakashi, a manna a baya, a yi wasan a kan farin allo ko tiren ƙarfe: amfaninsa shi ne in an gama za ki iya ɗaga fuskar sama ki nuna wa kowa ba abin da zai zube. Ta biyu, ƙyallen nan mai kauri da ba ya zarewa, wanda suke kira feruto, fuska da sassa duk da shi: yana kama junansa kaɗan, yana da daɗin taɓawa, ana iya wanke shi. Ta uku, abin manne takalmin yara mai ƙaiƙayi, majikku tepu. Wannan ban so shi ba. Yana cafkewa tun kafin mutum ya yanke shawara, cire shi kuma sai da ƙarfi. Na fi son maganaɗisu, amma da sharaɗi: mai faɗi mai laushi kawai. Ƙananan nan masu ƙarfi kamar ƙwayar magani kada su shigo ɗakin. Mai cutar mantuwa yana iya kai abu baki, haɗiye biyu daga cikinsu na iya huda hanji, kuma maganaɗisu mai ƙarfi kusa da ƙirji yana iya dagula na'urar daidaita bugun zuciya. Kowane sashe ya fi ƙarfin a saka shi a baki. Ki ƙirga su kafin a fara, ki ƙirga bayan an gama.

Yanzu maganar ɗaure ido, wadda a ganina ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Littattafan reku za su ce miki a rufe ido, domin haka wasan yake. Ni na daina ɗaure wa kowa. Dalilin farko na jiki ne: tsoho da idonsa yake riƙe tsayuwarsa, domin kunnen ciki da jijiyoyin tafin ƙafa sun yi rauni. Ki rufe masa ido yana tsaye gaban allo, sai ki ga ya fara tangaɗi. Faɗuwa ɗaya a wannan shekarun na iya zama karayar ƙugu. Don haka duk wanda za a rufe wa ido a zaune yake, a kujera mai hannu, ƙafa a ƙasa, ma'aikaci a gefensa. In ya gama kada ya zabura ya miƙe, ya ɗan zauna ido ya washe.

Dalili na biyu na koye shi ne da kuskurena. Akwai wani dattijo mai cutar mantuwa, mutum mai fara'a, yana ta dariyar fuskokin da wasu suka haɗa. Da layi ya zo kansa na zagaya ta bayansa na ɗora masa ƙyallen. Na yi masa bayani, amma minti biyu kafin nan, kuma bayanin ya riga ya tafi. Abin da ya rage masa shi ne wani ya zo ta baya ya rufe masa fuska. Ya fizge ƙyallen ya yi tsawa, jikinsa na rawa, ranar bai ƙara shiga komai ba. Laifina ne ɗungurungum. Tun daga nan ƙyallen a hannun mutum nake sa shi, ina gabansa, ya ɗaura da kansa ko ya ƙi.

Wanda ya ƙi kuwa bai fita wasa ba. Wani zai runtse ido da kansa, in ya leƙa kaɗan ki yi kamar ba ki gani ba. Wani a ba shi tabarau na wasa da aka liƙe gilasansa da farar takarda, haske yana shiga amma ba ya ganin siffa, kuma yana iya cirewa duk sanda ya so. Hanyar da na fi so ita ce a rufe fuskar takardar maimakon fuskar mutum: ki samo kwali babba ki yanke gefe biyu, ki kifa shi a kan fuskar, mai wasa ya zura hannuwansa ta ƙarƙashin labule, 'yan kallo suna gani ta ɗaya gefen. Yana ganin ɗaki, yana ganin mutane, hannunsa ne kaɗai ke cikin duhu. Wannan ya kuma raba ki da matsalar na'urar ƙara ji da ƙyalle ke turewa, da gashin da tsohuwa ta gyara don biki, da yawo da ƙyalle ɗaya daga ido zuwa ido a tsakiyar lokacin mura. In dai da ƙyalle za a yi, kowa da nasa.

Wanda mantuwarsa ta yi nisa ya yi da ido buɗe, sassa huɗu ko biyar kawai, a miƙa masa ɗaya-ɗaya. Haɗa fuska daidai ma aiki ne a wurinsa, kuma in ya gama ana tafa masa. Mai raunin gani sosai, wanda kika damu da shi, sau da yawa shi ne gwanin ɗakin in kin yi sassan yadda na ce, domin shi ya daɗe yana gani da yatsu. Wanda jini ya buge shi a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa yana iya tara komai a dama ya bar hagun fuskar wayam, ba don ya makance ba, hankalinsa ne ba ya zuwa can. Kada a mai da wannan abin dariya. Ki kama hannunsa ki bi da shi kan igiyar gefen hagu kafin ya fara. Masu irin mantuwar nan ta Lewy, waɗanda ke ganin mutane ko fuskoki inda babu, ki tambayi ma'aikaciyar jinya tukuna, don karkatacciyar fuska tana iya tayar musu da hankali.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu Hausawa. Mun tashi da wasan jika da kaka, kina iya tsokanar tsohuwa ki ce ta ƙwace miki miji, ta rama, kowa ya yi dariya. Wannan sakin jikin zai taimake ki, amma ki tuna ke ba jikarsu ba ce, ma'aikaciya ce. Ki kira kowa da sunan gidansu haɗe da san, ban da obaachan, wato kaka, ko muryar lallashin yara. Cikin mazan nan akwai wanda ya shugabanci ma'aikata ɗari, kuma abin da yake gudu shi ne a mai da shi ɗan makarantar reno. Dariyar ta tsaya a kan fuskar takarda, kada ta gangaro kan mai haɗawa. Dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce ma'aikata su fara. Ki ɗaure idonki, ki bar tsofaffin su yi miki kwatance, ki yi kuskure da gaske. Ke da Japanancinki bai gama nuna ba, in kika rikita migi da hidari za su ji daɗi ƙwarai, su shiga gyara miki da ƙarfi. Dattijon da ya naɗe hannu ya ce shi ba ya wasan yara, ki naɗa shi mai ba da umarni. Zai karɓa.

Wasu cibiyoyi suna buga hoton shugaban cibiya babba su yanka shi ya zama fukuwarai. In ya yarda, wannan yana tayar da ɗaki fiye da Okame. Amma hoton tsoho daga cikin masu zuwa, ko na iyalinsa, kada ki yanka, ko da shi ya ce a yi. Akwai masu shanyewar fuska a cikinsu, bakin da ya karkace ba wasa ba ne a wurin kowa.

Kada kuma ki zauna ke kaɗai da dare kina haɗawa. Cibiyoyi da yawa suna rufewa kwanakin ƙarshen Disamba zuwa 3 ga Janairu, bikin sai an dawo, don haka kina da makonnin Disamba. Ki mai da haɗawar ta zama reku na kwana biyu ko uku. Yankan kwali mai kauri da wuƙa aikinki ne. Naɗa ulu, shafa launi, cusa auduga, zaɓen irin gira, nasu ne. Matan wannan zamanin da yawa sun yi ɗinki tun suna 'yan mata, za su dubi bakin da kika ɗinka su karɓe allurar daga hannunki. Ki bar musu, ki dai ƙirga alluran. A nan ne hira ke ɓarkewa: wa ya fi iya ha'inci a gidansu, me aka ci a sabuwar shekarar bayan yaƙin duniya na biyu lokacin da shinkafa ta yi wuya, wace mujallar yara ce ta zo da wasan a ciki kyauta. Ki sa a yi sassa fiye da buƙata, gira mai fushi da mai tausayi, baki mai murmushi da mai hamma, gashin baki, tabarau, tawadar Allah.

Ranar wasa, mutum biyar ko shida a tebur ɗaya, kowa minti biyu zuwa uku, duka kada ya wuce rabin awa. Mutum ɗaya ne zai riƙa kwatance kusa da kunnen da ya fi ji, da murya ƙasa-ƙasa a hankali, don siririyar murya ita ce ta fara ɓace wa tsoho. Kowace fuska in an gama a ɗaga ta, a raɗa mata suna, a ɗauki hotonta, a sa a littafin da ke komawa gida wurin iyali. Hoton mutum kansa sai da izinin da cibiya ta riga ta karɓa.

In an tashi kada ki zubar da allon. Farkon Fabrairu akwai Setsubun, ranar da ake watsa wake ana korar oni, dodon nan mai ƙaho. Ki yanka jar fuska daidai girman ta farko, ki ƙara ƙaho biyu da haƙora, girar fushin nan da kuka riga kuka yi ta Janairu za ta hau kanta daidai.